Yadda Buta Ta Kusa Cinye Min Babban Yatsa

Assalamu alaikum mutanen Bronx da kewaye, har da ku na gida masu cewa mun zo aljannar duniya. Ni ne Ɗanladi direban tasi, wanda 'yan majalisar unguwar Tremont ke kira Rediyo, wai ba a kashe ni sai dai a rage murya. Yau yatsun ƙafata tara da rabi ne, kuma wallahi ban taɓa ƙaunarsu kamar yanzu ba. Ku matso ku ji inda rabin ya tafi, kada wani ya je ya ba da nasa sadaka.

Hunturun 2015 ne. Na ɗauko wata baturiya daga filin jirgi, na cika ta da surutu har ta yi dariya da hawaye. Ashe manajar otal ce a wani ƙauye can kan duwatsu, tafiyar awa uku arewa da New York, inda turawa ke zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda suke ce wa siki. Ta ce suna neman direban da zai riƙa kwasar baƙi daga otal zuwa gindin dutse, wata biyu, ga ɗaki ga abinci. Ni kuwa dama cunkoson gari ya ishe ni.

Da na gaya wa matata Hajara, wadda aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Baban Ummi, kai da ko fanka aka kunna sai ka ja bargo?"

"Wannan da ne," na ce. "Yanzu ni da sanyi mun zama surukai, muna gaisawa da mutunci."

Jama'a, ƙauyen nan! Titi ɗaya ne tak, gidajen katako a jere, rufinsu a tsaye tsororo don ƙanƙara ta riƙa zamewa. Ita kuwa ƙanƙarar, kamar an zazzage duk garin tuwon Dawanau a wuri ɗaya an tafi an bar shi. Kuma wai wadda Allah Ya saukar ba ta ishe su ba, sai da suka kafa injuna a gefen dutse suna fesa ta ƙari. Ka ji rashin godiya. Kowa yana tafe cikin wasu takalman roba masu tauri, ƙwas, ƙwas, kamar an ɗaure masa turmi a ƙafa. Za ka ga mutum ya hau kujerar da aka rataya a waya, ta lula da shi sama har ya zama kamar ƙuda, sai ya ɗaura alluna biyu dogaye a ƙafa ya sulalo ƙasa da gudun da ko ni a tasi ban taɓa yi ba. Ya iso, ya yi dariya, ya sake komawa layi. Na ga tsohuwar da ta isa ta haifi uwata tana sheƙowa tana ihu. Ga wasu masu jajayen riguna, aikinsu kawai su kwaso waɗanda suka karye, su jawo su a kan wani abu kamar makara. Kullum ina cikin mota ina ƙyalƙyala musu dariya, ina cewa ni dai ba za a kwashe ni ba, tunda ban hau komai ba.

Kuma na ji daɗin wurin, kada in yi ƙarya. Da safe hayaƙin itace na tashi daga kowane gida, kamar unguwarmu da asuba. Mai gidan burodi ta san sunana. Na koya wa yaran turawa cewa "sannu da zamiya", suna shigowa mota suna rera min.

Akwai wani dattijo, Firank, mai kula da kujerun hawan nan, a ƙauyen aka haife shi. Rana ta biyu ya kalli ƙafata ya ce, "Safa nawa ka sa?"

Na ce uku, ina taƙama. Na auduga ne, irin waɗanda ake sayarwa a ƙulle a bakin titi.

Ya girgiza kai. Ya ce guda ɗaya ta ulu ta fi su, kuma uku sun matse takalmin, jini ba zai zaga ba. Ya ce, "Abu ɗaya zan gaya maka: kada ka yarda ƙafarka ta jiƙe." Na ce to, a raina ina cewa tsoho ya ga baƙo yana son ya yi wa'azi.

To ga inda gizo yake saƙar. A can rana gajera ce, kana sallame azahar la'asar ta leƙo, kafin ka juya magariba ta faɗi. Satin farko a banɗakin otal nake alwala, har ranar da wani baƙo ya shigo ya tarar da ƙafata a cikin abin wanke hannu. Kallon da ya yi min ya fi mari. Daga ranar na ce ba za a sake ganina a haka ba. Na ɗauko butata, shuɗiya, wadda ta biyo ni tun daga Kano, ina zuba mata ruwan ɗumi daga filas, in zagaya bayan mota in yi abina.

Ranar da abin ya faru, sanyin ya kai idan ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Turawan ma sun rufe fuska sai idanu. Ni kuwa ɗan malamai na tsuguna bayan mota, na tuɓe takalmi da safa, na wanke ƙafa sau uku-uku, har da tsefe yatsu ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya min da bulala. Tawul kuwa na baro shi a ɗaki. Na ce ai safa uku za su shanye. Na zura ƙafa a jiƙe, na tura cikin takalmi.

Ina idar da salla wata mota ta maƙale ta tare hanya. Muka fito da shebur, muka yi ta haƙa, muna turawa, kusan awa uku ina tsaye a cikin ƙanƙara. Da farko yatsun suna min zugi kamar ana soka allura. Can sai suka yi shiru. Ni kuwa murna! Na ce alhamdulillahi, na zama ɗan gari. Ku rubuta wannan ku ajiye: idan ƙafa ta daina ciwo a cikin sanyi, ba sabo ba ne, sallama take yi.

Da magariba na cire takalmi. Ƙafar hagu ta yi ja, da sauƙi. Ta dama kuwa, babban yatsa da ɗan autansu sun yi fari fat kamar kyandir. Na ƙwanƙwasa su da makulli, suna ƙara kamar ɗanyen rogo, ban ji komai ba. Sai dabarar mutanenmu ta zo min: abin da sanyi ya kama, wuta ce maganinsa. Na ɗora ƙafar a kan hita ina kallon talabijin. Ƙauri ne ya sanar da ni, ba zafi ba. Kuma don ƙarfin hali, washegari na sake cusa ta a takalmi na fita aiki.

Firank ne ya hango ni ina ɗingishi. Ya sa na tuɓe a ɗan ɗakinsa. Da ya ga yatsun, tsohon nan ya zunduma wata ashar da ban taɓa ji ba duk shekarun da na yi ina tuƙi a Bronx. Kafin in ce uffan, ga masu jajayen riguna. Eh, a kan makarar nan tasu suka jawo ni, ni da ban hau komai ba, yara suna ɗaga min hannu suna cewa "sannu da zamiya".

A ƙaramin asibitin gindin dutse suka tsoma ƙafar a ruwa mai ɗan ɗumi. Da jini ya fara dawowa, na kira sunan kakannina har na bakwai. Suka naɗe ta, suka ce in koma gida in ga babban likita.

Da na koma Bronx, ranar farko a layin asibiti na yi ta. Ni da Hajara mun je da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan la'asar. Ina zaune a keken guragu, gefena wani mai tari kamar tsohuwar babbar mota, ga takardu a cike, a sake cikewa, kamar zan nemi auren 'yar shugaban ƙasa. Amma likitar da muka samu, wata 'yar siririya 'yar Indiya, Allah Ya yi mata albarka. Yatsun sun yi bororo, na babban har da baƙin jini a ciki. Ta ce ƙanƙara ce ta cije ni, haka suke kiran ciwon.

Na ce, "Likita, gaya min gaskiya, za a yanke?"

Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Wannan ciwon ba a yi masa gaggawa. Yatsan ne da kansa zai ja layi, ya nuna mana inda ya mutu da inda yake da rai. Wata biyu, wataƙila uku."

Ƙafar dama ce fa, babban yatsa. Da shi nake taka totur, da shi nake taka birki, da shi nake ciyar da gidana da gidan mahaifiyata. Likita ta ce idan ya tafi zan daɗe ban koma tuƙi ba, kuma tafiyata ma sai na sake koyo. Ta kafa min doka: kada zafi ya taɓa shi, kada a murza, a ɗaga ƙafar sama, a riƙa tsoma ta kullum a ruwa mai ɗumi kaɗan. Ta tambaya ko ina shan taba. Na ce sai dai goro. Hajara ta yi mata bayanin goro, likita ta ce shi ma a rage. Wannan ya fi min layin ciwo.

Sai 'yan dubiya suka ɓarke. Gidanmu hawa na huɗu ne, lif ya mutu tun zamanin da, amma haka dattawa suka riƙa hawowa suna haki, kowa da leda da magani. Alhaji Isaka mutumin Kumasi ya ce man kaɗanya da citta, a murza sosai har sai na yi kuka. Mamman ɗan Maraɗi ya ce kitsen damo, zai sa a kawo daga gida. Mahaifiyata ta bugo waya daga Kano, na yi mata bayani sau uku, ta ce, "Ni fa ban gane ba, Ɗanladi. A firji ka sa ƙafar?" Na gode musu duka, wallahi, don sun cika mana gida da abinci har muka rasa wurin ajiya. Hajara kuwa tana karɓar magungunan da hannu biyu, tana godiya, tana jera su a saman kabad inda hannuna ba ya kaiwa.

Sati na biyu babbar darakta ta iso: Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, daga unguwar Highbridge. Duk matar da ta haihu a cikin mutanenmu na Bronx a shekaru ashirin ɗin nan, Gwaggo ce ta yi mata wankan jego. A wurinta babu cutar da tafasasshen ruwa ba ya kora. Ita ta riƙe ni da na zo ƙasar nan, ba na iya haɗa ido da ita, balle musu. Hajara tana fita aiki da safe, Gwaggo ta sauko daga bas da tawul ɗinta a jaka.

Ta buɗe ƙafar ta yi salati. "Sanyi ne ya shige ka, ɗan nan. Kuma suka bar shi a ciki yana kwana? Ina tukunya?"

"Gwaggo, likita ta ce..."

"Likita ta haife ka? Ni na yi wa uwarka wanka da ta haife ka, ga ka nan ƙato."

In faɗi gaskiya, ni ma zuciyata tana wurinta. Ruwan likita ya yi min kama da wasan yara. Na miƙa ƙafa. Ta tsoma tawul a ruwan da ke tururi, ta fara da ɗan ƙaramin, ta danna. Ta ce, "Da zafi?" Na ce ko kaɗan. Ta ƙara dannawa. Allah Ya taimake ni, kafin ta kai ga babban aka kira ta a waya wata ta haihu, ta ce za ta dawo ta ƙarasa.

Da Hajara ta dawo ta kwance bandeji, fatar ɗan yatsan ta biyo shi. Washegari muka koma layi. Likita ta duba, ta cire tabarau, ta ce, "Wa ya dafa wannan?" Ta ce ƙafar da ba ta jin zafi ba za ta gaya maka tana ƙonewa ba. Ta ce ƙaramin da wuya ya tsira, kuma idan aka yi wa babban haka, in yi masa bankwana.

A hanyar gida na ce, "Maman Ummi, ke za ki gaya wa Gwaggo."

"Ni? Surukarta? Kai da bakinka ya fi na kowa a Tremont?"

"Rediyon ba ya kama tashar Gwaggo."

Da safe Hajara ta ƙi fita aiki da wuri, ta jira. Gwaggo na shigowa da tawul, Hajara ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta kawo mata shayi, sannan ta ce, "Gwaggo, likita ta ba da wani aiki, na ce mata duk Bronx mutum ɗaya ce za ta iya. Ta ce sabuwar fata ce ke tsirowa a yatsan nan, irin ta jariri ranar haihuwa. Wai kullum a yi masa wanka, amma da ruwan jariri, ba na mai jego ba. Ni kuwa hannuna ya saba da tsofaffi, ina tsoro in ƙona shi."

Gwaggo ta ajiye kofi. "Ke da wa za ki haɗa ruwan jariri? Ku yaran yanzu da yatsa kuke gwadawa. Da gwiwar hannu ake gwadawa! Kawo roba."

Jama'a, tun daga ranar, sati takwas cur, tsohuwar nan tana hawo bas biyu da bene huɗu. Ta sirka ruwa, ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannu, ta ƙara na sanyi, ta sake tsomawa. Ta riƙe ƙafata kamar ƙwai, tana yi wa yatsan waƙar rarrashi. Ta raɗa masa suna Angon Gwaggo. Ranar da Alhaji Isaka ya dawo da cittarsa zai murza, da tsintsiya ta raka shi ƙofa. "Jariri za ka sa wa citta? Fita!" Ba ta taɓa tayar da maganar ɗan ƙaramin ba, mu ma ba mu tayar ba. Sau ɗaya dai na ga ta daɗe tana kallonsa, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ruwan ne ya fantsal mata.

Sati na huɗu yatsun biyu suka yi baƙi ƙirin kamar gawayi, suka bushe. Kullum da safe in sa Hajara ta shinshina, don likita ta ce in aka ji wari ko zazzaɓi ya zo, a rugo. Matar nan ta shinshina ƙafata fiye da yadda ta taɓa shinshina turaren da na saya mata. Ga ƙaiƙayi, ga wani zugi mai tafiya kamar wutar lantarki. Ina kwance ina jin ƙarar tasi a titi, kowane hon kamar da ni yake.

A satin ne limamin masallacinmu ya zo. Na ba shi labari tiryan-tiryan, ina jiran ya ce na yi jihadi. Sai ya riƙe haɓa.

"Malam Ɗanladi, a makarantarku ba a kai babin shafa a kan huffi ba?"

"An kai, Malam. Ranar ina jin na je kallon ƙwallo."

Ya ciro wasu safa na fata daga aljihu ya ajiye min a kan ciki. Ya ce in ka yi alwala a ɗaki ka sa su, in ta karye, shafawa kawai za ka yi a kai, ba sai ka tuɓe ba. Ya ce, "Allah Ya ba ka rangwame, ka ce kai sai ka biya cikakke. Addinin bai nemi yatsanka ba." Ranar Juma'a kuma ya saka ni a huɗuba. Bai faɗi suna ba, ya ce wani direba mai yawan magana. Masallaci gaba ɗaya aka san ko waye.

Sati na takwas layin ya fito, kamar an zana da biro. A ƙaramin, ya tsaya a tsakiya. Suka cire rabin sama, aikin da bai kai daɗewar cin tuwo ba. A babban kuwa layin ya tsaya can kusa da farce, likita ta ce a ƙara jira, ba ta san zurfinsa ba.

Sati na goma, ranar Talata, Gwaggo tana wanka sai ta ƙwalla kabbara. Na ɗauka yatsan ne ya faɗi a ruwa. Na leƙa ido ɗaya a rufe. Baƙin ne ya kwaɓe, ƙwal, kamar ɓawon gyaɗa, farce da komai. A ƙarƙashinsa ga wani ɗan yatsa ja-ja, sumul, mai sheƙi. Ta ɗan taɓa shi da farce, na yi tsalle na kusa kifar da robar.

"Ka ji?"

"Na ji, Gwaggo! Wallahi na ji!"

Tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinmu ya bugo bango. Da muka je asibiti, likita ta juya shi, ta matsa, ta ce, "Wa yake kula da wannan?" Hajara ta nuna Gwaggo. Likita ta miƙe ta ba ta hannu. Gwaggo ta ce da ni, "Gaya mata in tana da masu haihuwa ta turo."

Da azumi ya kusa na koma mota. Na zauna, na yi bismilla, na ɗora Angon Gwaggo a kan birki na taka. Ya riƙe. Na yi ta zagaya unguwa ina taka birki ba dalili, na bayana suna zagi, ni kuwa ina amsa musu da amin.

Da hunturu ya zagayo na koma ƙauyen, Hajara tana cewa ba ni da hankali. Safar ulu ɗaya, huffi a kai, takalmi mai faɗi, tawul biyu. Firank ya duba ƙafata da kansa kafin ya gaishe ni. A satin ƙarshe ya ɗaura min allunan nan ya kai ni tudun yara. Na sulalo, jama'a, na sulalo! Na faɗi sau goma sha ɗaya, na shiga cikin wani shinge, amma da ƙafata na tashi, masu jajayen riguna suna kallo ba su samu ciniki ba.

Allah Ya saka wa Hajara da Gwaggo da likitar nan da Firank. Masu citta da kitsen damo, ku ma Allah Ya biya ku hawan bene. Wanda ke kwance, Allah Ya tashi kafaɗarsa. Kai kuma da za ka tafi inda ƙanƙara take, ka yi alwalarka a ɗaki, ka goge ƙafa, ka sa huffi. In ka rasa, zo majalisar Tremont ka tambayi Rediyo, akwai a but ɗin motata. Butar kuwa tana gidan Gwaggo. Ta ƙwace ta, ta ce sai na yi hankali za ta dawo min da ita, kuma har yau tana can tana ba furanni ruwa.